Madobiya Da Ambaliya Ba Su Da Kakaki: Yadda Jaridu Ke Zaɓen Labarin Taraba

JALINGO — Ran 25 ga Oktoba 2012 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi kusa da Yola, Gwamnan Jihar Taraba na lokacin, Ɗanbaba Suntai, shi ke tuƙa shi da kansa. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma ya ji mummunan rauni a ka, aka fita da shi ƙasar Jamus, daga can kuma sai Amurka. Tun daga ran nan har shekara biyu cur, in an ga sunan Taraba a shafin farko na wata jarida ta Ikko ko ta Abuja, ko ba a karanta ba an san zancen: wa ke riƙe da kujera, Alhaji Garba Umar muƙaddashi ne ko gwamna, Suntai da aka dawo da shi Jalingo cikin Agusta 2013 yana iya aiki ko ba ya iyawa, me Majalisar Dokoki ta ce, me kuma kotu za ta yanke game da Alhaji Sani Abubakar Ɗanladi, mataimakin gwamnan da aka tsige mako uku kafin haɗarin.

Alhali kuwa ranar da jirgin nan ya faɗi, mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi da Wukari ba su gama farfaɗowa daga ambaliya ba. A daminar nan ce hukumomin Kamaru suka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo da ke kan Kogin Binuwai kusa da Garwa, ruwan ya haɗu da na sama, ya bi fadamun Adamawa da Taraba ya shafe shinkafa da masara da gidaje, ya wuce har Lakwaja da bakin teku. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, watau NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu a ƙasar duka, fiye da miliyan biyu kuma suka bar gidajensu. Cikin watan Oktoban nan dai Shugaba Jonathan ya ba da sanarwar kuɗin agaji Naira miliyan dubu 17.6, aka kasa jihohi kashi huɗu, Taraba ta faɗa kashi na biyu, rabonta Naira miliyan 400. Inda kuɗin nan suka shiga, da wanda ya samu da wanda bai samu ba, tambaya ce da ta isa ta riƙe wakilin jarida wata guda yana yawo ƙauye ƙauye. Faɗuwar jirgin ta zo ta danne ta, ba ta sāke ɗagowa ba.

Ba wai labarin gwamna ba labari ba ne. Jiha ta zauna ba a san mai riƙe da ita ba, abu ne da ya kamata a buga, a kuma yi ta bugawa. Abin dubawa shi ne yadda ake yi kullum labari irin wannan ya cinye fili duka, labarin ƙasa da ruwa da daji kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, a jihar da kirarinta ma shi ne kyautar Allah ga ƙasa.

Mai karatu ya fara duba inda wakili yake zaune. Faɗin Taraba ya fi murabba'in kilomita 54,000, jihohi biyu kaɗai suka fi ta girma, Neja da Barno, tana kuma da ƙananan hukumomi 16. Galibin jaridun ƙasa wakili ɗaya suke da shi a jihar, shi ma a Jalingo. Daga masaukinsa zuwa Gidan Gwamnati ko Majalisa ko sakatariyar jam'iyya kuɗin Keke Napep ne. Daga Jalingo zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila kuwa tafiyar yini ce, ta Bali da Serti, a kan hanya mai hawa da kwana, sa'an nan ga kuɗin makwanci, ga na ɗan acaɓa da zai shiga da mutum inda mota ba ta zuwa. Ba ɓoyayyen abu ba ne a wannan sana'a cewa wakilai da yawa albashinsu ba ya zuwa kan kari, wasu ma katin shaida kawai aka ba su aka ce su nemi na kansu. Ɗan siyasa in ya kira taron manema labarai yakan ba da takarda a rubuce, ya ba da ruwan sanyi, a ƙarshe kuma ya ba da abin da ake sakayawa a ce kuɗin mota. Kogi ba ya kiran taro.

Bayan wakili sai edita, wanda ke zaune a Ikko ko Abuja, mai yiwuwa ma bai taɓa taka Jalingo ba. Tambayarsa biyu ce a kan kowane labari da ya zo daga lardi: mutum nawa suka mutu, sunan wane babba ke ciki? Labarin da ba shi da gawa ba shi da babban suna, sai ya jira ranar da shafi bai cika ba. To, ɓarnar daji da zaizayar ƙasa da cikewar kogi da yashi ba su da rana ɗaya da za a ce ran nan suka auku. Kaɗan kaɗan suke tafiya, shekara da shekaru, har ranar da gada za ta karye. A ran nan ne kawai suke cika sharaɗin edita na farko.

Akwai kuma maganar talla, wadda ba a cika son a taɓo ta ba. Jarida ba da kuɗin sayar da ita take rayuwa ba. Shafukan taya murna, na cikar gwamna kwana ɗari, na ranar haihuwar sanata, na naɗin sarauta, su ne ke biyan kuɗin takarda da tawada. Wanda ke sayen shafi, ko bai ce komai ba, an san irin labarin da ba zai ji daɗinsa ba. Gidajen rediyo da talabijin na jiha kuwa, albashinsu da man janaretansu daga aljihun gwamnati suke fitowa.

Misalin da ya fi bayyana wannan al'amari shi ne na madobiya. Duk Bahaushe da Bafulatanin da ya yi kiwo ya san itacen nan. Cikin rani, sa'ad da ciyawa ta ƙone, makiyayi yakan hau ya sassabo rassansa shanu su ci ganye, haka ake yi ana kai dabba damina. Itace ne mai jinkirin girma, cikinsa ja ne mai tauri. Masu kuɗi a ƙasar Sin suna son kujeru da gadaje na jan katako irin na sarakunansu na dā, dazuzzukan Asiya da ke ba su shi kuma suka ƙare, sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma. Suka bi ƙasa ƙasa, in sun gama da wannan su wuce waccan, har wajen 2014 suka iso Taraba da ƙarfinsu. A nan sunan itacen ya koma madrid, a kasuwar duniya kuwa koso ake ce masa.

Wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Bali a shekarun nan ya ga abin da idonsa. Garba Chede da Mayo Kam da garuruwan da ke kewaye sun cika da gumagumai da aka fafe kusurwa huɗu, an jibge su bakin titi, manyan motoci suna lodi dare da rana suna nufar tashar jiragen ruwa ta Ikko. Samari suka bar gona da makaranta suka shiga daji da injin yankan katako, gama kuɗin mako ɗaya ya fi na amfanin gonar shekara. A hanya kuma shingaye ne ba iyaka, kowane shinge da mai rasit da marar rasit. Watau ba a ɓoye aka yi wannan ciniki ba. Motocin ta gaban ofisoshin hukuma suke wucewa. Duk da haka, in ban da 'yan jarida ƙalilan da suka ɗauki wahala suka shiga dajin, suka rubuta aka buga musu a shafukan ciki, zancen Taraba a 2015 da farkon 2016 ɗaya ne: Darius Ishaku ko Hajiya A'isha Jummai Alhassan, Mama Taraba. Kotun zaɓe ta ba ta nasara cikin Nuwamba 2015, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Ishaku cikin Fabrairu 2016. Kowane zama na kotu ya samu babban kanu. A watannin nan kuwa dajin Bali da Gassol da Gashaka ana ta kwasarsa.

Sai yaushe madobiya ta hau shafin farko? Sai cikin Nuwamba 2017, da wata ƙungiyar bincike ta Amurka mai suna EIA ta fito da rahoto, ta ce an shigar da gumagumai fiye da miliyan 1.4 ƙasar Sin daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 300, ta kuma yi zargin cewa an sa hannu a dubban takardun izni bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. Ministar muhalli ta lokacin da ake magana a kai ita ce Hajiya Amina Mohammed, wadda ta riga ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta musanta cewa ta yi wani abu ba daidai ba. To, nan fa jaridu suka farka, gama an samu babban suna. Amma mai karatu ya lura da abin da aka yi ta muhawara a kai: ta sa hannu ko ba ta sa ba, maƙarƙashiya ce ake yi mata ko ba maƙarƙashiya ba ce. Itacen kansa, da makiyayin da ya rasa abin ba shanunsa, da rafin da ya fara ƙafewa da wuri domin an tone masa inuwa, ba su samu shiga ba. A ƙarshen 2018 hukumar yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta dakatar da sayen madobiya daga Nijeriya. Kafin nan manyan itatuwan da mota ke iya kaiwa gare su sun riga sun tafi.

Abin da ya sa wannan ya wuce zancen masu son itatuwa shi ne, a shekarun nan dai ne rikicin manoma da makiyaya ya yi tsanani a jihar. Cikin Yuni 2017 an zubar da jini a kan tsaunin Mambila, a shekarar nan kuma gwamnatin jiha ta kafa dokar hana kiwon sake. Jaridu sun buga waɗannan sosai, amma ta fuskar ƙabila da addini da jam'iyya: wannan ƙungiya ta ce, waccan ta mayar da martani. Ba za a ce saran madobiya shi ya haddasa faɗa ba, gama rigimar ƙasa a Mambila ta girmi cinikin madrid nesa ba kusa ba. Amma wanda ya san kiwo ya san in abincin rani ya ragu a daji, fadama shanu za su gangara, a fadama kuwa manomin rani yake da kayan lambunsa. Burtali nawa aka nome, makiyaya nawa aka yanka aka raba, mashaya nawa suka ƙafe? Amsar waɗannan ita ce rabin labarin, ita ce kuma rabin da ba a aiko wakili ya nemo.

Tsaunin Mambila ma kansa haka yake a jarida. In an ambace shi, zancen wutar lantarki ne: megawat 3,050, kwangilar dala miliyan dubu 5.8 da aka sa wa hannu da kamfanonin Sin a 2017, ƙarar da kamfanin Sunrise ya kai gaban masu sulhu a Faris a kan wata kwangila ta 2003, da tsofaffin ministocin da aka gurfanar. An shekara da shekaru ana buga cewa aiki ya kusa kankama, daga bakin minista zuwa takarda, sai a 2020 da Sashen Hausa na BBC ya aika aka je wurin aka dawo da hoto, jama'a suka ga ba a aza ko tubali ɗaya ba. Tafiya ɗaya ta rushe sanarwar shekaru. A kan tsaunin nan dai akwai ramukan masu haƙar shuɗin dutsen nan safaya a wajen Mayo Sina, akwai ragowar kurmin Ngel Nyaki, a gangarensa kuma ga Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasar nan girma, fiye da murabba'in kilomita 6,000, inda dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, babu wanda ya kai shi a Nijeriya. Daga duwatsun nan ne Kogin Taraba da wasu rafuffuka masu ciyar da Binuwai suke tasowa. Madatsar da za a gina, in an gina, ruwan tsaunin nan za ta sha. Amma da wuya a ga wanda ya haɗa zancen megawat da zancen dajin da ke riƙe da ruwan.

Kada a ce jaridun Nijeriya ba su iya wannan aiki ba, gama sun taɓa yi. A 1988 ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya suka rubuto wa jaridun Ikko cewa ana jibge dattin masana'antu mai guba a wani gari a ƙasarsu. 'Yan jarida suka bi sawu har Koko, a Jihar Bendel ta lokacin, suka tarar da dubban gangunan guba a wani fili. Aka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa har gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta kwashe dattin, kafin shekarar ta ƙare kuma aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, da Doka ta 58. Me Koko ke da shi wanda Garba Chede ba ta da shi? Mai laifin baƙo ne, Bature, ba mai sayen shafin talla ba. Gangunan ana iya ɗaukarsu hoto rana ɗaya. Garin kuma ba shi da nisa da inda injinan buga jarida suke. A Arewa kuwa, gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano ta suka faɗa wa duniya, sa'an nan jaridu suka biyo baya.

Wani abin mamaki, babban aikin da aka gama a Taraba saboda tsoron bala'in muhalli, daga waje tsoron ya zo. Ran 21 ga Agusta 1986 iska mai guba ta tashi daga Tafkin Nyos a Kamaru ta kashe mutum fiye da 1,700 cikin dare ɗaya. Masana suka yi gargaɗi cewa bangon tafkin ba shi da ƙarfi, in ya fashe ruwan Kogin Katsina-Ala zai biyo. Wannan ne asalin madatsar Kashimbila a ƙasar Takum, wadda aka ƙara mata injinan wuta na megawat 40, aka buɗe a 2023. Ita kuwa madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka ce ita za ta tare ruwan Lagdo tun da aka gama Lagdo a 1982, sunanta yakan fito ne a jarida shekarar da aka yi ambaliya, kamar 2012 da 2022, ruwa na janyewa sunan ya janye tare da shi.

Har ila yau akwai matsalar harshe. Kowace shekara kafin damina hukumar duba yanayi da hukumar kula da koguna sukan fito da hasashe, su lissafa ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci, sunayen na bakin Binuwai a Taraba kuwa ba su cika ɓacewa daga jerin ba. Da Turanci ake karanta shi a wani babban ɗaki a Abuja, jarida ta buga jawabin minista, shi ke nan. Masunci a Ibi da manomin shinkafa a Mutum Biyu, Hausa ko Fulatanci ko Jukunanci ko Mumuyanci ko Tibi suke ji, kuma abin da suke so su sani shi ne wane mako ne ruwan zai iso, ina za su kai iyali da hatsi. Lokacin zaɓe ba a rasa mai fassara alkawarin ɗan takara cikin kowane harshe na jihar, har da waƙa da kiɗa.

Da Gwamna Agbu Kefas ya hau a 2023 ya ba da umurnin dakatar da haƙar ma'adinai da saran itatuwa ba bisa ƙa'ida ba, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Birgediya Janar Jeremiah Faransa mai ritaya. An buga wannan, an buga kamen da aka yi, domin daga Gidan Gwamnati labarin ya fito, da takarda da hoto. Aikin da ya rage wa jarida shi ne ta koma wuraren bayan shekara ɗaya, bayan shekara biyu, ta ga ko an cike ramukan, ko itacen da aka ce an dasa ya kama, ko kuwa motocin gawayi ne suka maye gurbin motocin madrid. Wannan komawa ita ce ba ta da mai biyan kuɗin mota.

Mutanen Jalingo ba sai an ba su labarin abin da ruwa ke yi ba. Garin yana tsakanin Mayo Gwoi da Lamurde, tun kuwa da aka ƙirƙiro jihar ran 27 ga Agusta 1991 ya zama hedkwata, gine-gine suke ta gangarawa bakin rafi, ana ɗibar yashi, magudanai suna cikewa da leda. Cikin Agusta 2005 ruwa ya karya gadar Nukkai da mutane a kanta, bayan 'yan kwanaki kuma kwalekwalen da aka koma ƙetarewa da shi ya kife, aka yi asarar rayuka masu yawa. Jaridun duniya ma sun buga. Shekara 19 bayan haka, cikin daminar 2024, ruwa ya cinye gadar Namnai a ƙaramar hukumar Gassol, a kan babbar hanyar Jalingo zuwa Wukari, wadda doya da shinkafa da shanun jihar ke bi zuwa Kudu. Mutane da motoci suka koma ƙetarewa a kan jiragen ruwa, daminar 2025 ta zo ta same su a haka, cikin Yuli kuma wani jirgi ya kife a mashigin, aka rasa rayuka. An buga labarin, aka kuma daɗe ana buga gardamar da ta biyo baya, watau ko gyaran gadar na Gwamnatin Tarayya ne ko na jiha, da wanda ya yi alkawari da wanda ya saɓa. Yawan ruwan da rafin Namnai ke ɗaukowa yanzu in an gwada da lokacin da aka gina gadar, da abin da ya sami dajin da ke samansa a shekarun madrid, suna nan suna jiran wakilin da za a aika.